Wa Ke Riƙe da Mabuɗin Wi-Fi na Ikkilisiyarku?

A wannan mako muna so mu jawo hankalin fastoci, dattawa, da ma'aji da sakatare na kowace ikkilisiya a kan wata ƙofa da ke cikin harabar majami'unmu. Ƙofar nan ba ta da ƙyaure, ba ta da sakata, ba a kuwa ganinta da ido, amma mutum yana iya bi ta cikinta har ya kai ga lissafin baiko da rajistar baftisma.

Ikkilisiyoyi da yawa a Kaduna, Jos, Zariya, Gombe da Yola, har da waɗansu na ƙauye, yanzu suna da wani ɗan akwati mai ƙyaftawar fitilu a ofis ko kusa da bagade. Ana kiransa rauta, ƙaraminsa mai shiga aljihu kuwa ana ce masa MiFi. Da shi ake aika rahoto hedkwata, da shi ake watsa sujadar Lahadi ta Facebook ko YouTube domin marasa lafiya da matafiya, da shi kuma ma'aji ke duba zakka da baikon da aka turo ta banki.

Kowa ya san yadda muke kaffa-kaffa da kayan Allah. Ba a ƙirga baiko sai mutum biyu ko uku suna wurin. Ɗakin ajiyar kayan kiɗa yana da kwado, harabar kuma tana da maigadi. Amma akwatin nan, a wurare da dama, yadda aka ciro shi daga kwali haka aka jona shi, haka kuma yake har yau. Nufinmu a nan shi ne mu bayyana yadda ake kulle shi, da harshen da kowane dattijo zai gane, domin kada a bar wa yaro ɗaya wannan amana shi kaɗai.

ABIN DA AKWATIN KE YI

Rauta ƙaramar tashar rediyo ce. Tana karɓo intanet daga kamfanin sadarwa, sa'an nan ta watsa shi cikin iska domin wayoyi da kwamfutoci su kama. Wannan watsawa ita ce ake kira Wi-Fi. To, igiyar rediyo ba ta san katanga ba. A cikin gini takan kai wajen mita 30 ko fiye, a fili ta wuce haka, wanda yake da eriya mai kyau kuwa yana iya kamo ta daga nesa ƙwarai. Watau mai shayi a bakin titi, da mai shagon cajin waya, da wanda ya tsaya da mota a gindin katanga, duk tana kaiwa gare su.

Idan ba a kulle ta ba, asarar farko da za a gani ita ce ta data. Za a sayi data ta wata guda da kuɗin baiko, kafin Lahadi ta biyu ta ƙare, a tsaya ana zargin juna. Wannan ita ce ƙaramar asara. Wanda ya shiga Wi-Fi na ofis ya zama kamar yana zaune cikin ofis ɗin ne: yana iya ganin kwamfutar sakatare, da injin buga takardu, da kyamarorin tsaro idan akwai su, ya kuma gwada shiga cikinsu. Bugu da ƙari, tun daga ƙarshen 2020 gwamnatin Nijeriya ta umarta a haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa. Idan wani ya yi damfara ko ya aika saƙon tayar da fitina ta layin ikkilisiya, masu bincike za su fara ne daga wanda aka yi rajistar layin da sunansa, wanda sau da yawa fasto ne ko sakatare.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi nauyi. Cikin kwamfutocin ofisoshinmu akwai sunayen membobi da adireshinsu, da takardun sulhun aure, da sunayen waɗanda ake taimaka wa da kuɗin magani, da na waɗanda suka zo neman shawara a ɓoye suna roƙo kada kowa ya ji. A irin zaman da muke yi a Arewa, kowa ya san abin da zai iya biyo baya idan irin wannan jerin sunaye ya faɗa hannun da bai kamata ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta lissafa addinin mutum da yanayin lafiyarsa cikin bayanan da ke bukatar kulawa ta musamman, ta kuma ɗora nauyin tsare su a kan wanda ya tattara su. Mu ne muka tattara.

MASU TSARON ƘOFA

Kada wani ya ɗauka wannan aikin duniya ne da bai shafi ibada ba. A littafin Tarihi na Fari, sura 9, an ba da labarin masu tsaron ƙofofin ɗakin Ubangiji, mutum 212, waɗanda Dawuda da Sama'ila suka naɗa saboda amincinsu. An raba su gabas da yamma, kudu da arewa. Shugabanninsu suna kwana kewaye da ɗakin, su ne kuma ke buɗewa kowace safiya. Waɗansu aikinsu shi ne ƙirga kayan sujada sa'ad da ake fitar da su da sa'ad da ake mayarwa. Lawiyawa ne, kamar mawaƙa, an kuma rubuta aikinsu cikin Littafi Mai Tsarki tare da na firistoci. Tsaron ƙofa hidima ce. Abin da ya sake a zamaninmu shi ne an ƙara mana ƙofa guda da ke cikin iska.

ZAURANCEN NA'URA

Da yake ba za a iya hana igiyar rediyo tsallake katanga ba, dabarar da masana suka yi ita ce su sa rauta da waya su riƙa magana da zaurance. Manya za su tuna yadda samari kan juya kalmomi a zaure, na kusa yana jin sautin maganar amma bai san me ake cewa ba. Haka rauta ke hargitsa saƙo da lissafi kafin ta watsa shi, sai na'urar da ke da mabuɗin kaɗai ke iya warware shi. Amma zaurance iri-iri ne, wani ya tsufa har yara sun gane shi. A cikin rauta za a ga sunayensu a jere, ya kamata a san wanda za a zaɓa.

Na farko shi ne WEP, wanda ya fito tare da ƙa'idar Wi-Fi ta farko a 1997. A 2001 masana uku, Fluhrer, Mantin da Shamir, suka nuna raunin lissafin da aka gina shi a kai. A 2007 waɗansu masu bincike a jami'ar Darmstadt ta Jamus suka nuna ana iya fasa shi cikin ƙasa da minti guda. Wani babban kamfanin shaguna a Amurka mai suna TJX ya ɗanɗana kuɗar jinkirin barinsa. Daga 2005 ɓarayi suka shiga kwamfutocinsa ta Wi-Fi na shagunansa, a 2007 kamfanin ya sanar cewa an kwashi bayanan katunan banki fiye da miliyan 45. Jagoran ɓarayin, Albert Gonzalez, an yanke masa ɗaurin shekara 20 a 2010. Wanda ya ga WEP a rautarsa, ya sani igiyar rama ce aka ɗaure ƙofa da ita.

A 2003 aka fito da WPA a matsayin faci na wucin gadi, yana amfani da wata hanya mai suna TKIP, ita ma yanzu an bar ta. A 2004 WPA2 ya zo da lissafi mai ƙarfi da ake kira AES, shi ne kuma ya riƙe duniya shekara da shekaru. A 2018 aka fito da WPA3, wanda ya fi su duka. Saboda haka ƙa'idar mai sauƙi ce. Idan rautarku tana da WPA3, kuma wayoyi da kwamfutocin ofis suna iya kama shi, ku zaɓe shi. Idan akwai tsofaffin na'urori da suka ƙi, ku zaɓi inda aka haɗa WPA2 da WPA3. Idan babu, ku zaɓi WPA2 tare da AES, wani lokaci za ku ga an rubuta WPA2-PSK. Rautar da ba ta da komai sai WEP ko WPA na farko, lokacin hutunta ya yi, kwamiti ya sa sabuwa cikin kasafi.

MABUƊAI BIYU NE

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Kowace rauta tana da kalmar sirri iri biyu. Ta farko ita ce wadda ake sa wa a waya domin a sami intanet, wannan kamar mabuɗin ƙofar gida ne. Ta biyu ita ce ta shiga cikin rautar kanta a sake tsarinta, wannan kuwa mabuɗin ɗakin maigida ne, inda aka rataye sauran mabuɗai. Wanda ya sami ta biyu yana iya karanta ta farko, ya canza ta, ya kori masu gida.

Ga yadda ake kaiwa wurin. A haɗa waya ko kwamfuta da rautar, a buɗe manhajar duba shafuka, irin su Chrome, a rubuta lambar da ke jikin takardar da aka manna a ƙarƙashin akwatin ko cikin murfin batir. Yawanci 192.168.0.1 ce ko 192.168.1.1, a na'urorin Huawei da yawa kuwa 192.168.8.1. Shafi zai buɗe yana tambayar suna da kalmar sirri. A na'urori da yawa, musamman tsofaffi, suna da kalmar duk "admin" ne, kuma kowane yaro mai gyaran waya a kasuwa ya san haka. Aiki na fari shi ne a canza wannan kalma. Shafin da Turanci yake, don haka dattijo ya zauna da matashin da ya iya, amma dattijon ya ga abin da ake yi da idonsa.

Barin kalmar da aka zo da ita daga kamfani ya jawo babbar ɓarna a duniya. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet tana gwada sunaye da kalmomin sirri wajen 60 da kamfanoni suka saba sawa. Da wannan kaɗai ta kama dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci, masu su ba su sani ba. Ran 21 ga Oktoba na shekarar aka yi amfani da su aka kai hari, shafuka irin su Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa a sassan Amurka na tsawon sa'o'i. A 2018 kuma an gano 'yan damfara suna shiga rautocin mutane a Burazil suna sake tsarinsu, ta yadda mai gida zai rubuta sunan bankinsa na gaskiya amma a kai shi shafin ƙarya. Shi ya sa Birtaniya ta fara aiki da doka a Afrilun 2024 wadda ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri mai saukin cankawa.

KALMAR DA BA A CANKAWA

Bayan an canza mabuɗin ɗakin maigida, sai a je sashen da aka rubuta Wi-Fi ko WLAN, a zaɓi irin zaurancen da muka ambata, a sa sabuwar kalmar shiga. Na'ura tana karɓar haruffa daga 8 zuwa 63. Mu masu bi muna da wata ɗabi'a a nan: mukan sa Halleluya, ko Immanuwel, ko sunan ikkilisiya da shekarar da aka kafa ta, ko Yahaya da lambar sura da aya wadda kowane ɗan makarantar Lahadi ya haddace. Kalmomi ne masu daraja, amma su ne na farko da ɓarawo zai gwada a ƙofar majami'a. Lambar wayar fasto ita ma ba ta da amfani, gama tana rubuce a allon da ke bakin titi.

Ya kamata a gane yadda ake fasa WPA2, domin a ga dalilin tsawaita kalma. Ɓarawo ba ya tsayawa yana dannawa da hannu. Yakan jira wata waya ta haɗu da rautar, ya naɗi gaisuwar da suka yi da juna cikin iska, ya tafi da ita gida. A can kwamfutarsa za ta riƙa gwada kalmomi dubbai a kowace daƙiƙa har ta dace, rautar kuwa ba ta ma san ana yi ba. Lambar wayar da ta fara da 0803 saura lambobi 7 ne a cikinta, watau gwaji miliyan 10, wannan ɗan aiki ne ga kwamfutar zamani. Babban abin da WPA3 ya gyara ke nan, domin a cikinsa kowane gwaji sai an zo an yi shi da rautar kanta.

Hanyar da ta fi ita ce a ɗauki kalmomi huɗu ko biyar na Hausa waɗanda ba su da dangantaka da juna, a haɗa su, a ƙara lamba. Alal misali: tsani, Laraba, hazo, kwano, 47. Tana da tsawo, tana da sauƙin tunawa, ba ta cikin jerin kalmomin da ɓarayi ke gwadawa. Kada dai a yi amfani da wannan da muka buga a jarida. A kuma guji haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, gama na'urori da yawa ba sa karɓarsu a wannan wuri.

TAGAR DA AKE MANTAWA

Akwai wani maɓalli a jikin rautoci da yawa da aka rubuta WPS. An ƙirƙiro shi a 2006 domin sauƙaƙa haɗa na'ura ba tare da rubuta doguwar kalma ba, ta hanyar danna maɓalli ko sa lambobi 8. A Disambar 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa rauta tana duba lambobin nan rabi-rabi ne, tana kuma faɗa wa mai gwaji idan rabin farko ya yi daidai. Da haka gwajin da ake zaton miliyoyi ne ya dawo 11,000 kacal, aikin 'yan sa'o'i, daga nan rautar da kanta za ta miƙa kalmar sirrin komai tsawonta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nemi WPS cikin shafin a kashe shi.

A wannan zama kuma a duba ko an kunna damar sarrafa rautar daga nesa ta intanet. Idan ba wanda ke bukatarta, a kashe. A kuma duba ko kamfanin ya fito da sabuwar manhajar cikin na'urar, a sabunta. A 2017 Mathy Vanhoef na jami'ar Leuven ta Beljiyam ya gano wani rauni a cikin WPA2 da aka sa wa suna KRACK, maganinsa kuwa ta sabunta manhaja ya zo, a wayoyi da kwamfutoci da rautoci. Wanda bai sabunta ba, maganin bai kai gare shi ba.

Waɗansu sukan ɓoye sunan Wi-Fi, wanda shafin ke kira SSID, ko su yi jerin lambobin na'urorin da aka yarda su shiga. Babu laifi, amma kada a dogara da su, domin mai ɗan sani yana gano ɓoyayyen suna, yana kuma iya aron lambar wata na'ura. Abin da ya fi amfani shi ne a canza sunan da aka zo da shi, wanda yakan tona irin rautar, a sa wanda ba ya nuna ofishin ma'aji ko gidan fasto.

TO, BAƘI FA?

Mun san abin da waɗansu iyayenmu za su ce, kuma maganarsu tana da tushe. Gidan Allah gidan kowa ne. Ɗalibin da ba shi da kuɗin data yana so ya duba sakamakon jarrabawarsa, mai neman aiki yana so ya aika takardunsa, an kuma koya mana karɓar baƙi. Yaya za mu kulle?

Amsar tana cikin ginin gidajenmu. Kowane gidan kirki yana da zaure. Baƙo yakan zauna a zaure, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa da abinci, ya kwana ma idan ta kama, ya tafi yana sa albarka. Amma ba a kai shi turaka, ba a nuna masa rumbu. Ba wanda ya taɓa kiran wannan rowa. Sarki Hezekiya ya wuce wannan iyaka sa'ad da jakadun Babila suka zo gaishe shi, ya zaga da su ya nuna musu azurfa da zinariya da ɗakin makamai, bai rage komai ba. Annabi Ishaya ya faɗa masa cewa ranar tana zuwa da za a kwashe su duka zuwa Babila. Labarin yana cikin Sarakuna na Biyu, sura 20.

Yawancin manyan rautoci suna da zaure. A cikin shafin za a ga wurin da aka rubuta kalmar Turanci ta baƙo. Idan aka kunna shi, rautar za ta watsa suna na biyu mai kalmar sirrinsa dabam. Wanda ya shiga ta nan yana samun intanet, amma ba ya ganin kwamfutar ofis, muddin ba a kunna masa damar shiga cikin gida ba. A waɗansu rautoci ana iya ƙayyade masa gudu ko lokaci, domin kada matasa su shanye datar da za a watsa wa'azi da ita. Wannan kalma ita ce za a ba 'yan kwaya, da zumuntar mata, da baƙin taro, a riƙa canza ta kowane wata ko bayan kowane babban taro. Idan ƙaramin MiFi ne wanda ba shi da wannan tsari, a bar shi ga ofis kaɗai, a nemi wani domin jama'a sa'ad da Allah ya hore.

WA ZAI RIƘE?

Kulle ba ya tsare kansa. Muna ba da shawara kwamiti ya naɗa mutum biyu, dattijo guda da matashi guda, a rubuta sunayensu cikin littafin taro. Kalmar shiga cikin rautar a rubuta ta a takarda, a rufe cikin ambulan, a ajiye inda ake ajiye takardun fili da na banki, domin kada wanda ya sani ya tafi bautar ƙasa ko a yi masa canjin wurin aiki ya bar ikkilisiya a waje. Duk ranar da ma'aikaci ya bar aiki, ko wanda ya zo gyara ya gama, a canza kalmomin. Wannan ba zargi ba ne, ƙa'ida ce, kuma idan ta zama ƙa'ida ba wanda zai ji haushi.

A tuna cewa wayoyin zamani suna raba kalmar sirri da kansu. Tun daga Android 10, wanda ya fito a 2019, mutum yana iya nuna wani zane a fuskar wayarsa, abokinsa ya ɗauka da kyamara ya shiga nan take. Kalmar da aka ba mutum ɗaya ranar Asabar, kafin a tashi sujada ranar Lahadi tana iya kaiwa ga mutum hamsin. Saboda haka kalmar ofis kada ta wuce na'urorin ofis. Sau ɗaya a wata, masu riƙon su buɗe shafin su duba jerin na'urorin da ke haɗe, idan sun ga baƙuwa su canza kalma.

Akwatin kansa a ajiye shi a ɗaki mai kwado. A bayansa akwai ɗan rami, wanda idan aka danna shi da tsinke na 'yan daƙiƙoƙi, rautar takan koma yadda ta fito daga kamfani, duk aikin da aka yi ya rushe. Da dare kuma, idan ba kyamarorin tsaro ke amfani da ita ba, a kashe ta. Rautar da ke kashe ba mai shigarta, batirin sola ma ya huta.

Ya kamata kuma a san iyakar wannan kulle. Yana tsare hanyar da ke tsakanin waya da rauta ne. Ba zai hana ma'aji faɗa wa ɗan damfara lambar da banki ya aiko masa ba, ba zai hana wani buɗe shafin ƙarya da hoton Bishop yana neman gudummawa ba. Waɗannan suna bukatar nasu faɗakarwar daga kan bagade.

GA 'YA'YANMU

Kalma ta ƙarshe ga matasa. A ajin baftisma muna koyar da Dokoki Goma, cikinsu akwai wadda ta hana sata. Shiga Wi-Fi na maƙwabci ko na ikkilisiya ba da izini ba, don kawai ka iya, cin abin wani ne. Datar nan wani ya saye ta da guminsa. Dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya ta 2015 ita ma ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba. Idan Allah ya ba ka basirar gane waɗannan na'urori, ka je wurin dattawa ka ce, "Baba, na ga ƙofarmu a buɗe, ku ba ni izini in taimaka a rufe." Da irinku ne aka cika adadin masu tsaron ƙofar nan 212.

Muna roƙon kowane kwamiti ya sa wannan magana cikin ajandar taronsa na gaba. Aikin duka bai wuce sa'a guda ba, ba ya kuma cin ko kwabo: a canza kalmar shiga cikin rautar, a zaɓi WPA3 ko WPA2, a sa doguwar kalma, a kashe WPS, a buɗe wa baƙi zaure, a naɗa masu riƙo. Waɗanda suka ba mu sunayensu da asirinsu sun ba mu ne domin sun amince da ikkilisiya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ubangiji ya same mu amintattu a kan abin da ya danƙa mana, ƙarami da babba. Amin.